Babur ɗin Takwara da Bahon Wankina

Maigidana yana da sunansa na yanka, amma duk layinmu ba mai kiransa da shi. Injiniya ake ce masa. Asalin abin kuwa, tun muna da sauran ƙuruciya rediyon maƙwabta ta daina magana, ya ɗauke ta ya zabga mata mari, ta ci gaba da karanta labarai. Tun daga ranar kayan gidana ba su sake samun kwanciyar hankali ba. Agogon bangonmu shi ya gyara, shi ya sa sai an kwantar da shi rub da ciki yake aiki. Fanka ma shi ya gyara, tana juyawa da kyau, iska ce dai ba ta bayarwa. Mutumin kirki ne, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ciwonsa ɗaya: ba ya iya ganin abu yana zaman lafiya ya ƙyale shi.

Muna da jika da ta tashi a hannunmu, ina kiranta Takwara saboda sunana aka sa mata. Ta gama karatun aikin jinya, aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibiti can bayan gari, aka ce ta fara ranar Litinin da sassafe. Aka ba ta yunifom fari fat, irin wanda ko kallonsa ka cika yi sai ka ga kamar zai yi datti. Ga damina ta zauna, hanyar asibitin babu kwalta, taɓo ne tun daga bakin layinmu, motar haya kuma ba ta bin wajen. An riga an gaya mata shugabar masu jinya ba ta da wasa. Wadda ta zo da datti a jiki, daga bakin ƙofa take juyawa gida.

Shi ne Injiniya ya buɗe ɗakin ajiya ya turo tsohon babur ɗinsa. Irin ƙananan nan ne na da, masu feda kamar keke, sai ka tuƙa ka tuƙa kafin injin ya yarda ya kama. Ja ne. A kansa ya yi zaryar neman aurena. Takwara ta wanke shi, ta zuba mai, ta hau ta tuƙa. Ya yi tari irin na tsofaffi, ya kama. Yarinya ta yi ta tsalle a tsakar gida.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai idon Injiniya ya sauka a kan madigadin gaba, ƙarfen nan da ke rufe taya yana tare taɓo. Akwai wata lotsawa a jikinsa, ba ta fi tafin hannuna ba.

“A'a,” ya ce. “Jikata ba za ta shiga asibiti da wannan tabon ba. Likitoci su ce daga wane gida ta fito?”

“Tsoho, ka bar shi,” in ji Takwara. “Taɓo nake so ya tare mini, kuma yana tarewa.”

“Ke yarinya ce. Kin san yadda aka yi wannan lotsawar? Babbar mota ce ta yanke burki ta yo kaina, na sa gaban babur na tare ta.”

Na ce, “Bara ka ce bijimi ne.”

“Bijimin yana cikin motar.”

Ni dai ina zaune a bayansa ranar. Waiwayawa ya yi yana amsa gaisuwar wanda ma ba shi yake gaisarwa ba, muka rungumi falwaya. Amma ban tona masa asiri ba, na ce ya kai wa bakaniken bakin titi. Ya ce ai bakanike ya tafi ganin iyayensa, sai wani makon, kuma ko yana nan, yaushe aka haife shi? “Aikin shan shayi ɗaya ne wannan. Ki ɗora ruwa, kafin shayi ya huce na gama.”

Safiyar Asabar ce. Ya tura babur ƙofar gida. Tsakar gida akwai fili, amma babu 'yan kallo. Shagon Tela yana kallon ƙofarmu, shi kuwa Tela abokinsa ne tun na yarinta, ba su taɓa yini ba su yi musu ba. Yana ganin an fito da akwatin kayan aiki ya tsayar da keken ɗinki, ya jawo benci waje.

“Injiniya, wa za a yi wa jana'iza yau?”

“Zauna ka kalla, ka ƙaru. Ƙarfe kamar mutum yake, in ya ji ɗumi sai ya saki jiki.”

Ya karɓi ruwan shayin nawa a butarsa yana tafasa, ya sheƙa wa madigadi. Sannan ya ɗauko robar nan mai sanda da muke zuƙe bututun banɗaki in ya toshe, ya manna a kan lotsawar, ya kafa ƙafa a taya, ya ja. Ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Roba ta yi fat ta saki, sandar ta same shi a haɓa. Da muka duba, lotsawa tana nan yadda take, fenti ne ya biyo robar.

“Ta fito?” in ji Tela.

“Na cire mata riga tukuna. Likita yana yin aiki da riga a jikin majinyaci?”

Maƙwabciyarmu mai awaki ta leƙo ta katanga. Mai kantin layinmu ya bar kantinsa a buɗe ya matso. Injiniya in ya ga mutane sun taru, dabara sai ta riƙa zubo masa kamar ruwan sama. Ya shiga gida ya fito da tsohuwar ƙwallon da Takwara take bugawa tana ƙarama, ya sace iskar, ya cusa ta tsakanin taya da madigadi, ya jona famfon keke.

“Daga ciki za a turo ta, cikin lalama. Iska ba ta barin tabo.”

Ni kuma ina gefe da babban bahona na roba, shuɗi, na jiƙa wanki. Bahon nan ya daɗe a hannuna, ko aro ba na bayarwa. Na ce, “Malam, ƙwallon nan ta tsufa.”

“Ke ma kin tsufa, kin fashe?”

Ya yi ta bugawa. Ƙwallo ta kumbura, ta ƙi zuwa inda lotsawar take, ta bulluƙo ta gefe kamar kumatun mai ciwon haƙori. Madigadi ya fara buɗewa yana ƙara. Tela ya toshe kunne. Injiniya ya ce, “Saura bugu ɗaya.” A kan bugun ɗayan nan ne ta tashi, dam! Awakin maƙwabciya suka watse, mai kanti ya tsuguna. Injiniya ya yi baya taga-taga, ya zauna daram a cikin bahona. Baho ya yi ƙas ya rabe gida biyu daidai tsakiya, ruwan kumfa ya malale, ga maigidana zaune a kan wankina, ƙafafu a sama.

Na tambaye shi ko ya ji ciwo. Ya ce a'a. Na ce, “To tashi ka ba ni wuri in yi kukan bahona.”

“Dama robar ta gaji,” ya ce yana matse wando.

“Yanzu madigadin ya samu ciki,” in ji Tela. “Lotsawa a sama, ƙaba a gefe. Allah ya raba lafiya.”

Na kwashi ɓarin bahona biyu na jingine a bayan ƙofa, don zuciyata ta ƙi yarda in zubar. Takwara ta tsuguna kusa da kakanta. “Tsoho, don Allah a tsaya haka. Har yanzu zai tare taɓo.”

“A tsaya? Yanzu na gano matsalar. A jikin babur ba ya jin magana, sai an sauke shi.”

Ya sa sifana ya kwance na gaba. Sai ya tsaya yana kallon na baya, wanda lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na san wannan kallon. Da shi ya kalli agogona.

“Malam, me na bayan ya yi maka?”

“Shi ne malamin. Zan kifa marar lafiya a kan mai lafiya, in buga, ya kwaikwayi surarsa.”

Ya kwance shi, ya kifa ɗaya a kan ɗaya a kan dakali, ya ɗauki guduma. Duk layi sai da ya ji. Mai kanti ya ce gwangwanayen madara suna rawa a kan kanta. Da ya gaji ya raba su da ƙyar, sai ga lotsawar nan ta fito a jikin na baya, sak irin ta gaba, har da 'ya'ya kewaye da ita.

Tela ya yi dariya har ya riƙe ciki. “Ɗalibi ya koya wa malami!”

“Aƙalla yanzu sun dace da juna,” in ji Injiniya. “Kai da kake ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, me ka sani a kan daidaito?”

“Hannunka ne ɗaya ya fi ɗaya, saboda nuna wa mutane yadda ake aiki.”

Bayan an ci abincin rana ya fito da sabuwar dabara. Ya ce masu gyaran jikin mota huda ƙarfe suke yi su sa noti su jawo lotsawa waje, ya taɓa gani da idonsa. Ya ɗauki ƙusa ya huda tsakiyar lotsawa, ya murɗa noti, ya kama da filaya ya fizga. Wurin ya taso kamar ƙurji, gefensa ya nutse. Ya huda gefen. Gefen ya taso, gefen gefen ya nutse. Haka ya yi ta bin lotsawa tana gudu, daga na gaba ya koma na baya. Kafin rana ta yi sanyi, maƙwabciya ta ɗaga ɗaya ta kalli sama ta cikinsa.

“Baba Injiniya, in kun gama ku ara mini, rariyata ta ɓata.”

Takwara ba ta yi dariya ba. Ta shige ɗaki, na bi ta, na tarar tana goge yunifom ɗin da ta riga ta goge. Na ce, “Ki yi haƙuri da shi, don ke yake yi.” Ta ce, “Na sani, Iya. Shi ya sa na kasa yi masa faɗa.”

Washegari Lahadi na shiga kicin na tarar garin fulawata ya yi ƙasa, sukari ma haka. Na leƙa bayan gida, ga Injiniya yana kwaɓi a cikin kwanona.

“Burodi za ka buɗe mana?”

“Ciko ne. Masu mota suna da nasu na gwangwani, ni nawa na gida ne. Sukarin shi ke sa ya kama kamar siminti.”

Ya cike ramuka da huda duka, ya shafe da bayan cokali, ya shanya a rana. Da ya bushe ya goge da tsumma, ya bi da jan man takalmi. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Ni kaina sai da na ce a'a. Sumul, yana ƙyalli, kamar ranar da ya fara zuwa ƙofar gidanmu. Ya mayar da su jikin babur. Da ya gama, noti sun ragu a tafin hannunsa.

Takwara ta ce, “Tsoho, waɗannan fa?”

“Almubazzarancin kamfani ne. Suna sa abin da ba a buƙata.” Ya zuba su a aljihu.

Ya tura babur ƙofar gida, ya lulluɓe shi da zanen gadona har ƙasa, ya bi layi gida gida yana cewa kowa ya fito da yamma ya ga aiki. Ya shiga ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, wai don ya nuna wa Takwara cewa fari zai je ya dawo fari. Ya juye notin nan a aljihunta, ya daɗe a gaban madubi yana gyara hula.

Mutane suka taru, har da waɗanda ba a gayyata ba. Injiniya ya tsaya kusa da babur ya fara jawabi. Ya yi maganar babbar mota da bijimi, wannan karon bijiman sun zama garke. Ya ce akwai masu baki a layin nan, yana kallon Tela, yau bakinsu zai mutu.

Tela ya ce, “Injiniya, babur ɗinka yana motsi.”

“Hassada ce ke sa idonka rawa.”

“To kuma yana taunawa.”

Muka kasa kunne. Lallai ana jin ƙurus ƙurus daga ƙarƙashin zane. Injiniya ya kama gefe ya yaye. Ga babbar akuyar maƙwabciya, ta gama da cikon na baya tas, ta dafa taya tana kan na gaba. Bakinta ja wur har gemu. Ta ɗago ta kalle mu, ta ci gaba da abin da take yi.

Layi ya kece. Mai kanti ya zauna a ƙasa. Maƙwabciya ta ja akuyarta da ƙyar tana cewa, “Baba, in ta yi ciwon ciki kai za ka gyara ta.” Tela ya ce, “A'a, ki rufa wa baiwar Allah asiri, kada ya huda ta.” Akuyar dai ba abin da ya same ta, washegari ma ta dawo neman ƙari.

Da wani ne, da sai ya shige gida. Ban da maigidana. Ya ɗaga hannu. “Ado kawai ta ci! Aiki yana nan. Ku buɗe ido.”

Na ce, “Malam, kada ka hau.” Ina! Ya riga ya haye. Ya tuƙa feda, inji ya kama, ya miƙe sai bakin layi, inda ruwa ke kwanciya ya zama taɓo. Maimakon ya bi gefe, tsakiya ya nufa, har da ƙara wuta.

Kun san butar ban ruwan fure, mai ƙananan huda a baki? To haka madigadin gaba ya koma. Kowace huda da ya yi da hannunsa ta harbo nata taɓon, tsiri tsiri, daga ƙirji har hula. Yana ƙoƙarin share ido, na baya ya tuna da notinsa da ke aljihu, ya yi ƙwaram ya faɗi a taɓo. Tayar baya ta samu sake, ta zana masa layi tun daga ƙugu har ƙeya. Ya juyo da ƙyar, a dawowa na gaba ma ya saki gefe ɗaya, ya riƙa jan ƙasa yana ƙara kamar ana kankare tukunya, har shi ma ya fice.

Ya tsaya a gabanmu. Ido biyu kawai ake gani. Ta gaba kamar zabuwa, ta baya kamar jaki.

Tela ya juya ya kalli Takwara. Tana tsaye tana kallon tayoyin nan biyu tsirara, idonta ya cika. Gobe Litinin. Injiniya ma ya kalle ta. Ya sauka a hankali, ya sa hannu a aljihu, ya fito da notin ya miƙa mata, kamar za su yi wani amfani.

“Takwarar Iya,” ya ce, murya ƙasa ƙasa, “in ya kama, goya ki zan yi har asibitin.”

Ta yi dariya da hawaye tare. Ni kuma na ce tunda yau ranar zubar da tarkace ce, bari in haɗa da bahona. Na shiga na ɗauko ɓarin biyu daga bayan ƙofa, na fito zan wuce bola. Takwara ta riƙe hannuna.

“Iya, tsaya.”

Ta karɓi ɓari ɗaya ta kifa a kan tayar gaba. Bakin bahon ya bi zagayen taya, gindinsa ya rufe gefe. Ta kifa ɗayan a baya. Ya zauna kamar an auna.

Tela ya ruga shago ya kawo almakashinsa babba da basilla. Ya rage inda ke taɓa ƙarfe, ya huda inda za a ɗaure. Na kwance wayar shanyata na ba su. Mai kanti ya riƙe babur. Injiniya, da taɓonsa da komai, aka ba shi filaya ya riƙa murɗe waya, Takwara tana tsaye a kansa tana cewa, “Ya isa, Tsoho. Na ce ya isa.” Kuma ya ji.

Da safe ta fito fes, ta hau jan babur mai shuɗin baho gaba da baya. Duk layi ana leƙe. Ta ratsa taɓon bakin layi muna kallo, ruwa ya yi ta bugun roba yana komawa ƙasa. Injiniya ya kasa zama yinin nan, ya fita ya shigo, ya fita ya shigo. Da yamma muka ji tarin babur. Ta sauka ta juya mana gaba da baya. Fari fat, ko ɗigo babu. Ta ce shugabar ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta shiga, sannan ta leƙa waje ta tambaya ko wanki take karɓa bayan an tashi aiki.

Ban gama yi mata sannu ba na jiyo muryar maigidana a ƙofar shagon Tela, ta dawo da ƙarfinta.

“Me na ce muku tun farko? Na ce jikata ba za ta je asibiti da lotsawa ba. To ku zo ku duba! Ku shafa da hannunku! Wanda ya nuna mini lotsawa ko ɗaya a jikin madigadin nan, na daina amsa Injiniya.”

“Ai baho ne,” in ji Tela.

“Wa ya raba shi biyu daidai wa daida? Kana tsammani zaman banza na yi a ciki? Aunawa na yi.”

Ya shigo yana murmushi, ya ce in ba shi shayi. Na kawo. Sai na ga ya ƙura wa butar ido, wajen da ta ɗan lotse kusa da hannu. Na ɗauke ta na sa a bayana, na ce ya sha da wanda ke cikin kofi.